Tauraro huɗu da ɗigo biyu: me makin masu karatu yake aunawa?

Mutum ya rufe littafi, ɗumin abin da ya karanta bai bar zuciyarsa ba, sai ya ɗauki waya ya danna tauraro huɗu, ya ƙara da layi biyu ko uku na ra'ayinsa. Wani can ya yi haka, wata ma ta yi. Da aka tara aka raba sai ga 4.2 a ƙarƙashin sunan littafin, kuma da wannan lamba ce dubban mutane suke yanke shawarar ko su saya ko su wuce. Lambar tana da amfani, kuma ban yarda da masu cewa a yi watsi da ita ba. Sai dai abin da take aunawa shi ne yadda littafin ya dace da mutanen da suka ɗauke shi, a daidai lokacin da suka gama shi. Wanda ya riƙe ta a matsayin ma'aunin ingancin rubutu zai sha sayen littafin da ba nasa ba, ya kuma bar wanda aka rubuta dominsa.

Matsala ta farko tana jikin taurarin kansu. Ba kowa ne yake nufin abu ɗaya da tauraro uku ba. A Goodreads, shafin intanet na ba littattafai maki da aka buɗe a 2007 kuma Amazon ta saye a 2013, ma'anar da aka daɗe ana liƙa wa taurarin ita ce: ɗaya, ban so shi ba, biyu, ba laifi, uku, na so shi, huɗu, na so shi sosai, biyar, ya burge ni matuƙa. Ke nan tauraro uku yabo ne a can. A wajen sayayya kuwa, ciki har da shafin Amazon ɗin kansa, mutane sun saba ɗaukar uku a matsayin "haka-haka dai", har wasu na ganin duk abin da ya gaza huɗu to kuka ne. Mai karatu ɗaya yana da rowar maki, shekara guda ba ya ba wa littafi fiye da biyu tauraro biyar. Wani kuma hannunsa a sake yake, duk littafin da ya iya kaiwa ƙarshensa biyar ne. Idan aka zuba makin waɗannan biyun a tukunya ɗaya, an haɗa mudu biyu masu girma daban ana kiran su da suna ɗaya. Ga kuma matsalar rabi: Goodreads ba ya karɓar rabin tauraro, don haka mai son ba da uku da rabi dole ya hau huɗu ko ya sauka uku. StoryGraph, wani shafin irinsa wanda Nadia Odunayo ta kafa a 2019, ya yarda a raba tauraro har gida huɗu, mutum ya ba da 3.75 in ya ga dama. Wannan ya rage tilasta wa mutum zaɓin da ba nasa ba, amma bai sa ma'aunin mutane ya zama ɗaya ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne su wane ne suke ba da makin. Littafi ba ya faɗawa hannun mutane da ƙuri'a. Wanda ya saye shi ya riga ya ga bango, ya karanta bayanin baya, ya san irin labarin da yake so, sannan ya zaɓa. An tace sau ɗaya ke nan. Cikin waɗanda suka fara, wasu za su ajiye a shafi na talatin ko na hamsin, kuma yawancinsu ba za su koma su ba da maki ba. An tace sau biyu. Cikin waɗanda suka gama, masu ɗaukar wahalar rubuta ra'ayi galibi su ne waɗanda littafin ya faranta wa rai ƙwarai ko ya ɓata wa rai ƙwarai; wanda ya gama ya ce "to, ba laifi" sau da yawa shiru yake yi. Tacewa ta uku ke nan. Wasu masu bincike, Hu da Pavlou da Zhang, sun bayyana wannan a 2009 game da makin kayayyaki a intanet: tulin tauraro biyar a gefe guda, ɗan tudun tauraro ɗaya a ɗaya gefen, tsakiya kuma a rame. Dalilan da suka kawo su ne waɗannan biyun, wato mai saye ya riga ya karkata ga son abin, kuma masu matsakaicin ra'ayi ba su cika magana ba.

Ana ganin wannan ƙarara a littattafai masu kashi-kashi. Sau da yawa littafi na uku ko na huɗu ya fi na farko maki, sai mai kallo ya ɗauka marubucin ne ya ƙara ƙwarewa. Yana iya yiwuwa. Amma ka tuna wa ya kai littafi na huɗu: wanda na ɗaya da na biyu da na uku suka yi masa. Duk wanda bai ji daɗi ba ya sauka tun a hanya, masoya zalla suka rage. Haka nan bai dace a gwada makin littattafai daga fannoni daban-daban ba. Littafin da aka rubuta wa wasu mutane ƙalilan da suka san abin da suke nema yakan samu maki mai yawa. Littafin da aka tilasta wa ɗalibai karantawa a makaranta kuwa yakan sha tauraro ɗaya daga yaran da ba su suka zaɓe shi ba, komai darajarsa a adabi.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da shi. Yawancin maki ana ba da shi ne cikin sa'o'in farko da gama littafi, lokacin da babin ƙarshe ya rufe komai. Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a 1993: mutum ya tsoma hannu a ruwan sanyi na daƙiƙa 60, a wani zagayen kuma ya tsoma na daƙiƙa 60 ɗin tare da ƙarin daƙiƙa 30 da aka ɗan rage sanyin ruwan. Da aka tambaye su wanne za su maimaita, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, duk da ya fi wahala in an haɗa jimla, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa tana auna abin da ya wuce ne da wurin da ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare. Gwajin ba a kan littafi aka yi shi ba, amma duk mai yawan karatu zai gane abin a jikinsa. Littafi mai shafi 400 da ya yi ta jan ƙafa a tsakiya, in ya rufe da babin da ya sa mutum hawaye, tauraro biyar zai kwasa. Wani kuma ya riƙe mai karatu tun daga farko har kusan ƙarshe, sai marubucin ya kashe wanda ake so ko ya bar wata tambaya a buɗe, nan take ya sha biyu. Bayan wata uku, in ka tambayi mutanen nan biyu, wataƙila na farko ya manta sunan jarumin, na biyun kuwa har yanzu yana juya labarin a ransa. Makin da suka bari bai san da wannan ba, domin kaɗan ne suke komawa su gyara.

Akwai kuma nauyin wahalar da mutum ya sha. Wanda ya ba littafi mako uku na rayuwarsa ba ya son ya amsa wa kansa cewa lokacin ya tafi a banza, sai ya ɗan ƙara tauraro ɗaya don ya huce.

Yanzu a zo ga lissafi, domin a nan ne mai karatu zai iya kare kansa. Kafin ka kalli matsakaicin maki, ka kalli adadin waɗanda suka ba da shi. A ɗauka littafi yana da 4.5 daga mutum 10. Jimlar taurarinsa 45. Mutum ɗaya ya zo ya ba shi tauraro ɗaya, jimla ta zama 46 a raba wa 11, maki ya faɗo 4.18. Littafi mai 4.5 daga mutum 2,000 kuwa, in aka yi masa haka, ko motsi ba zai yi ba. Kuma mutum goman farko su wane ne? Galibi 'yan uwan marubuci ne da abokansa da waɗanda aka raba wa kwafi kyauta kafin fitowa. Ba lallai su yi ƙarya ba, amma ba su ne mizanin baƙon da bai san marubucin ba.

Akwai dabarar da masu lissafi suke amfani da ita, irin wadda shafin finafinai na IMDb ya taɓa bayyanawa don jera finafinansa 250 na sama. Ana ƙara wa kowane littafi wasu ƙuri'u na ƙiyasi a kan matsakaicin makin littattafai gaba ɗaya, sannan a sake rabawa. Misali, a ce matsakaicin ya kama 3.9, a ƙara ƙuri'a 50 a kan wannan. Littafi mai 4.8 daga mutum 12: taurarinsa 57.6, a haɗa da 195, a raba wa 62, ya koma kusan 4.07. Littafi mai 4.2 daga mutum 5,000: 21,000 a haɗa da 195, a raba wa 5,050, yana nan a 4.2. Wanda ya fi ƙyalli a ido ya koma ƙasa da ɗaya ke nan. Ba sai ka riƙa yin wannan lissafin a kowane littafi ba. Ya isa ka riƙe cewa maki daga mutum ƙasa da hamsin jita-jita ce, daga ɗaruruwa ya fara zama labari, daga dubbai kuma ya zauna, sai dai zaman nasa bai goge tacewar da aka yi tun farko ba. A lura kuma cewa Amazon da kanta ta ce lambar da take nunawa ba tarawa da rabawa ba ce kawai. Tsarinta yana duba sabuntar ra'ayi da kuma ko an tabbatar mai ra'ayin ya sayi kayan. Shi ya sa littafi ɗaya yake iya nuna lamba daban a shafuka biyu.

Bayan adadi sai yadda taurarin suka rarrabu, kuma yawancin shafuka suna nuna wannan da 'yan sanduna biyar a ƙarƙashin makin. Ga littattafai biyu, kowanne mutum 100 suka auna shi, kowanne ya tashi da 3.5. A na farko, 50 sun ba da uku, 50 sun ba da huɗu. A na biyu, 60 sun ba da biyar, 10 sun ba da biyu, 30 sun ba da ɗaya. Lamba ɗaya, amma littattafan ba su haɗa hanya ba. Na farko bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma hana kowa barci ba. Na biyu ya raba mutane gida biyu: akwai wani abu a cikinsa, salo ne ko ra'ayi ko irin ƙarshensa, da wasu suka ƙaunata wasu suka tsana. Idan kana cikin sittin ɗin nan, wataƙila shi ne littafin da zai fi zama a ranka a bana. Aikinka shi ne ka gano wane abu ne ya raba su, ka ga ɓangaren da kake. Littattafan da suka kawo sabon abu sukan faɗa wannan rukunin, kuma abin takaici ne yadda matsakaicin maki yake binne su a ƙasan jeri.

Masu ba da maki kuma suna kallon juna. A 2013 mujallar Science ta buga gwajin Muchnik da Aral da Taylor, waɗanda suka riƙa ba wasu rubuce-rubuce ƙuri'ar yabo ta farko da gangan a wani shafin labarai. Wannan ƙuri'a guda ta sa makin ƙarshe ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ƙuri'ar suka ta farko kuwa ba ta yi irin wannan tasiri ba, domin mutane sukan zo su gyara ta. Mai karatun da ya gama littafi yana jin uku ya dace, in ya tarar da 4.6 da tulin yabo, sai ya fara zargin kansa ko shi ne bai gane ba, ya danna huɗu. Akwai kuma akasin haka. Balázs Kovács da Amanda Sharkey sun bi diddigin ra'ayoyin Goodreads a wani bincike da aka buga a 2014, suka gwada littattafan da suka ci manyan kyaututtuka da takwarorinsu da suka kai zagayen ƙarshe ba su ci ba. Bayan cin kyauta, masu karatu sun ƙaru amma maki ya ragu. Kyautar ta jawo mutanen da a da ba za su taɓa ɗaukar irin wannan littafin ba, ga kuma masu ƙyamar duk abin da ya yi tashe. Ko harafi ɗaya bai canza a littafin ba. Masu riƙe da shi ne suka canza.

Duk wannan a kan masu gaskiya ake magana. Akwai kuma maguɗi. Goodreads ba ya neman shaidar cewa ka sayi littafi ko ka karanta shi, kuma ana iya ba littafi maki tun kafin ya fito. A 2023 wata shahararriyar marubuciya a Amurka ta janye littafin da ta kafa labarinsa a Rasha, bayan ɗaruruwan mutane sun yi masa ruwan tauraro ɗaya alhali ba a buga shi ba tukuna. A ƙarshen shekarar kuma aka gano wata sabuwar marubuciya ta buɗe asusun bogi tana zubar da makin littattafan takwarorinta, abin da ya jawo kamfanin ɗab'i ya soke nata littafin. A ɗaya ɓangaren akwai masu sayen yabo. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta fitar da doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da ra'ayoyin bogi. Doka tana taimakawa, amma idon mai karatu ya fi kusa. Alamomin sanannu ne: ra'ayoyi da yawa da suka sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, asusun da bai taɓa auna wani littafi ba sai wannan, yabo ko zagin da bai ambaci ko abu ɗaya daga cikin littafin ba, da jimloli masu kama da juna kamar daga baki ɗaya suka fito. Ɓarnar tauraro ɗaya ba ƙarama ba ce: Chevalier da Mayzlin sun gwada cinikin littattafai a Amazon da Barnes & Noble a binciken da suka buga a 2006, suka ga ra'ayi mai tauraro ɗaya ya fi taɓa ciniki a kan mai tauraro biyar.

To, ta ina mai neman littafi zai shiga? Ni dai shawarata ita ce ya tsallake yabon da ke sama ya nufi masu tauraro uku da biyu. A nan ne ake samun wanda ya karanta da natsuwa, ya ce ga abin da ya yi, ga inda ya gaza. Ya karanta biyar ko shida, ya ga ko kukansu ɗaya ne. Idan mutum huɗu da ba su san juna ba suka ce tsakiyar littafin ta yi nauyi, to ta yi. Sai ya tambayi kansa ko wannan aibin yana damunsa, don abin da wani ya kira jan ƙafa shi ne wani yake kira natsuwa. Ya ware kukan da bai shafi rubutu ba: kwafi ya iso a yage, haruffa sun yi ƙanana, muryar mai karanta littafin sauraro ba ta yi daɗi ba. Shafuka da yawa suna haɗa makin bugu daban-daban a wuri ɗaya, har da fassarori, don haka sukar da aka yi wa wata tsohuwar fassara tana iya rataya a wuyan sabuwa. Ya jera ra'ayoyin daga sababbi, domin na watannin farko na masoya ne, na bayan shekara ɗaya ko biyu sun fi kama da na baƙo. A littafin ilimi kuma, ra'ayin masani guda da ya nuna kuskure da lambar shafi ya fi ɗari da suka ce "na ƙaru sosai", saboda wanda bai san fanni ba yana auna daɗin karatu ne, ba shi da abin da zai gane kuskure da shi.

Abin da ya fi duk waɗannan aiki shi ne ka samu mutum uku ko huɗu da ka san bakinsu. Ka buɗe jerin littattafan da mutum ya auna, ka nemo goma da kai ma ka karanta. Idan kun yi daidai a bakwai ko takwas, ka riƙe shi. Wanda kuka saba saɓawa ma yana da amfani, muddin saɓanin naku yana bin hanya ɗaya: abin da ya ƙi, kai ka san za ka so.

Wanda ya gama littafi yana son ya rubuta nasa ra'ayin kuwa, akwai haƙƙin mutum biyu a kansa, marubuci da mai karatu na gaba. Ya bari kwana biyu ko uku su wuce kafin ya danna tauraro, ɗumin babin ƙarshe ya sauka. Ya tsayar wa kansa ma'auni ɗaya ya riƙe shi, misali biyar sai littafin da zai sake karantawa, uku wanda bai yi nadamar lokacinsa ba amma ba zai koma ba, kuma ya faɗi ma'aunin a fili don mai karanta shi ya san da wane mudu aka auna. Ya faɗi abin da ya zo nema, domin "na zo neman labari mai gudu sai na tarar da mai tafiya a hankali" ya fi "bai yi ba" amfani nesa ba kusa ba. Ya kawo abu ɗaya tak daga cikin littafin da zai tsaya wa maganarsa, ko wata hira da ta yi rai, ko wani babi da aka cusa ba dalili. Ya bambanta "ban so ba" da "ba a iya ba", don littafi yana iya zama gwanin aiki amma ba naka ba. In zai taɓa ƙarshen labari ya yi gargaɗi tun a layin farko, ko ya yi amfani da maɓallin ɓoye wannan sashe, wanda manyan shafukan suke da shi. In kyauta aka ba shi kwafin, ko ya san marubucin, ya faɗa. In kuma bai gama ba, ya rubuta shafin da ya tsaya da abin da ya tsayar da shi, ya bar gurbin taurarin babu komai, ko in ya ga dole sai ya cika, ya bayyana cewa shafi 80 ya auna cikin 300.